Buhun Geron da Na Aika wa Babanki

Batsari, ranar Laraba.

Zuwa ga jikata Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Na sa kakarki ta cusa ta a ƙasan jakarki, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki karanta sai kin isa. In kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri. Kin san ajin yamma na yi, sai da furfura ta fito sannan na riƙe biro, kuma kwana huɗu ke nan ina zama kanta bayan la'asar.

Tun ranar da sunanki ya fito ban zauna wuri ɗaya ba. Na gaya wa liman, na gaya wa mai shayi, har wani baƙo da ban sani ba na tare a tasha na gaya masa. Kakarki ta ce, "Malam, sai ka ce kai aka ɗauka." Na ce ai ni aka ɗauka, amaryata ce kawai za ta je ta karɓo mini. Tun daga kakanninmu da suka yi kiwo a dajin Tsaskiya har yau, ba wanda ya taɓa taka jami'a a gidan nan sai ke. Amma ba murna ce ta sa na ɗauki biro ba. Akwai abin da na yi wa babanki, kuma ina tsoron kada ya maimaitu a kanki, ki dawo mana ba ki gama ba.

Ke dai kin tashi kin gan shi yana facin taya a bakin tasha, ba ya cin yaji, ba ya rabuwa da maganin gyambon ciki a aljihu. Kin ji ana cewa ya taɓa zuwa kwalejin horon malamai, ya yi shekara ɗaya da rabi ya dawo, karatu bai karɓe shi ba. Ni na fara faɗin wannan maganar, kuma ba gaskiya ba ce.

Shi ne ɗana na fari. Kin san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In ina da saƙo sai in ɗaga kai in ce, "A gaya wa yaron nan kaza," ko da yana tsaye a gabana. Kakarki ma haka, ita ta fi ni kunyarsa. Mahaifiyata ce ta raine shi, ita kaɗai yake iya gaya wa damuwarsa, ita kuma ta rasu shekara ɗaya kafin ya tafi. Saboda haka ya bar gida ba shi da kunne ko ɗaya da zai kai wa kuka, ni kuwa ban lura ba.

Kuskurena na farko kuɗin makaranta. Da takardarsa ta zo na kora bajimi fari zuwa kasuwar nan ta Batsari ranar Alhamis, na sayar, aka biya abin da suka rubuta. Na koma gida ina jin na sauke nauyi. A tunanina makarantar boko kamar sayen gona ce, ka biya sau ɗaya, ta zama taka. Ban san cewa wannan kuɗin na shiga ƙofa ne kawai ba. Abin da ke korar ɗalibi ba shi ne babban kuɗin da kowa ya gani ba, ƙananan ne da ke fitowa kullum, waɗanda ba a rubuta su a takarda. Ke ma an biya miki rajista. Kakarki ta sayar da tumakinta biyu, babanki ya sayar da babur ɗinsa. Kada ki ɗauka an gama, kuma kada ki ɗauka don an yi wannan ba ki da bakin ƙara tambaya. Wannan tunanin shi ya rufe wa babanki baki.

Na biyu wurin kwana. Na ji an ce ɗakin makaranta sai an biya, na ce wace irin magana ce wannan, mutum yana da ɗan garinsu a birni ya biya kuɗin kwana? Akwai wani mutumin ƙauyenmu da ya yi arziki a can yana sayar da kayan gini. Na aika masa da ƙwaryar man shanu, na ce ga yaro nan. Ya karɓe shi, ban ce bai kyauta ba. Amma gidan yana wancan ƙarshen gari, makaranta tana wannan ƙarshen. Kuɗin motar zuwa da dawowa na wata biyu ya fi kuɗin ɗakin da na ƙi biya. Da abin ya gagara sai ya koma tafiya a ƙasa. Sannan wanda ke kwana kyauta ba ya cewa a'a. Da safe a ce ya tsaya a sauke siminti, da yamma a ce ya tsare shago. A ƙarshe ya bar gidan ya koma kwana a ƙasa, a ɗakin wani abokinsa, a ɓoye, in masu duba ɗakuna sun zo ya fita ta baya. Ke an samar miki gado a ɗakin kwanan ɗalibai. Na ji ku da yawa ne a ciki, ruwa ba kullum ba. Ki riƙe shi duk da haka. In wata ta ce ki zo ku kama ɗaki a waje, ko wata 'yar uwa ta ce ki dawo gidanta, ki fara auna nisan da ƙafarki, kuma ki tambayi kanki abin da za a nema a wurinki a madadin kuɗin.

Yadda na san duk wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo. Ban sani ba sai ranar da aka raɗa miki suna. Abokin nan nasa, Malam Sanusi, wanda yanzu yake koyarwa a Safana, ya zo. Bayan an shafa fatiha muna zaune a inuwar darbejiya, babanki ya shiga cikin gida, sai ya matso kusa da ni yana dariya.

Ya ce, "Baba, ka tuna buhun geron nan da ka aiko mana?"

Na ce na tuna ƙwarai. Gero ne na zaɓa da hannuna, na sa aka sussuka, ban yarda an sa na bara ba.

Ya ce, "Mu biyu muka ɗauko shi daga tasha, muna tafe muna hutawa. Mai gadi ya dube mu ya ce, 'Kai ɗan Fulani, kaji za ka kiwata a nan?'"

Na yi dariya ni ma. Na ce to ai kun sha tuwo.

Sai ya daina dariya. Ya ce, "Tuwo a ina, Baba? Wa zai surfa? Ina turmin? An hana hura wuta a ɗaki. Sati biyu buhun yana ƙarƙashin gado, ɓeraye suna ci, shi yana kwana kusa da shi da yunwa. Wata mai koko muka sayar wa, ta karya kuɗin yadda ta ga dama. Ni na ɗauka ya gaya maka."

Bilkisu, gero a ƙauye abinci ne saboda akwai turmi, akwai mace, akwai kara a bayan gida, akwai rijiya. Na kai shekara hamsin ana ajiye mini akushi, ban taɓa tunanin hannu nawa hatsi ke bi kafin ya iso gabana ba. Na yi ta faɗa a majalisa cewa buhu guda na aika masa, yaron nan ba shi da matsalar ci. Sanusi ya ce da farko babanki yana azumin Litinin da Alhamis, daga baya ya koma kusan kullum, in an tambaye shi ya ce nafila yake yi. Har wasu suka riƙa ce masa Ustaz. Garin kwaki yake jiƙawa ya sha ruwa da shi. A nan cikinsa ya lalace.

Shi ya sa wannan karon na zauna a kan kakarki har ta gaji da ni. Duk abin da ke cikin buhunki an riga an sarrafa shi: garin kunu, garin ɗanwake, wake da aka tsince, kuka, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli. Ta ce mini, "Yau kuma kai za ka koya mini haɗa kayan miya?" Na ce a'a, zan dai tsaya in gani. Amma ki sani wannan ba zai kai ki ƙarshen zango ba. Kuma gari ba ya dafa kansa, sai da gas ko gawayi, sai da mai, sai da gishiri, wani lokaci har ruwan sai an saya. In kuɗi ya shigo hannunki, a ranar ki fitar da na abinci ki sayi abin da ba ya lalacewa, kafin ki tuna da wani abu. In za ki haɗa tukunya da 'yan ɗakinku, ki haɗa da waɗanda ƙarfinku ɗaya. Wadda ta saba da nama kullum za ta cinye miki kuɗin wata a sati ɗaya ba da mugunta ba. Ki karya kumallo ko da kunu ne tsura. Kuma na haɗa ki da Allah, kada ki yi azumin yunwa ki kira shi ibada.

Akwai kuma maganar littattafai. Babanki ya aiko wasiƙa sau uku. Lokacin ban iya karatun boko ba, sai in kai wa malamin gona ya karanta mini a ƙofar gidan mai unguwa, mutane na zaune suna ji. Yaron ya san haka za a yi. Wane ɗan fari ne zai rubuta cewa ba shi da kuɗin littafi, a karanta a gaban gari, a ce ya tona wa ubansa asiri? Gaisuwa ce kawai a ciki. Bayan maganar Sanusi na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zama da sa'o'in 'ya'yana. Da na fara haɗa baƙi, abin da na fara ɗaukowa wasiƙun nan ne daga cikin adaka. Na bi su layi-layi da yatsa ina neman inda ya roƙe ni wani abu. Babu. Abu ɗaya na samu a ta ƙarshen, ya ce a gaida Inna, wato kakarki, a ce mata yana tuna furarta. Na tuna ranar da aka karanta wannan layin duk majalisa ta yi dariya, aka ce ɗan ƙauye yana kewar gida. Ni ma na yi dariya.

Makon jiya na hau mota na je Safana wurin Malam Sanusi, domin 'yarsa Maryam tana aji uku a jami'ar da za ki. Na ce ya gaya mini komai, kada ya rage. Ya kira ta a waya ya miƙo mini. Ta ce yanzu malamai ta waya suke turo karatu, in ba ki da data kamar ba ki shiga aji ba ne. Ta ce akwai takardun da ake bugawa, akwai hoto, akwai kuɗin ƙungiyar sashe, akwai karo-karo in an ba ku aiki tare, akwai caji in wuta ta ɗauke. Na ce mata, "'Yar nan, duk wannan a kan mutum ɗaya?" Ta ce, "Kaka, ai ban zo kan sabulu da omo ba, da abin da mace ke buƙata duk wata." Na rubuta lambarta a bayan wannan takardar. Ta ce akwai littattafanta na aji ɗaya, za ta ba ki. Ki neme ta a satin farko, ki gaishe ta da girmamawa, yayarki ce. Datar kuma ta karatu ce. In kika ƙarar da ita wajen kallon masu rawa, kin ci abincin kwana biyu ke nan ba ki ƙoshi ba.

Ki ware wani abu, komai ƙanƙantarsa, saboda ciwo, ki ɗaure shi daban, ki manta da shi. Zazzaɓi ba ya jiran ƙarshen wata. Sa'ad da babanki ya fara aman jini, Sanusi ne ya sayar da agogonsa ya kai shi asibiti. Ni a lokacin ina da shanu sun fi ashirin a garke.

Yanzu ba ni da ko ɗaya, kin sani. Kina da wayo lokacin da ɓarayin daji suka kore su, muka baro ƙauye muka dawo ɗaki biyu a Batsari. Gonar tana nan, amma damina uku ke nan ba wanda ya isa ya taka ta. Lokacin da nake da abin bayarwa ban san ana buƙata ba, yanzu da na sani hannuna babu komai sai igiyar da nake tufkawa ina kaiwa kasuwa. Ba zan ɓoye miki ba, abin da za mu riƙa turo miki daga facin babanki da igiyata kaɗan ne, kuma wani watan zai makara. Ban san inda rajistar baɗi za ta fito ba. Na gaya miki ne don ki san ƙasar da kike tsaye a kai, ba don ki yi shiru ba.

Domin in kika yi shiru, akwai waɗanda za su gane kafin mu gane. Ke mace ce, yunwarki ba za ta zama irin ta babanki ba. Shi ba wanda ya tsayar da mota ya ce ya zo a saya masa abinci. Ke za a tsayar. Wani zai fara da katin waya, wani da kuɗin buga takarda, kuma zai yi magana mai daɗi kamar ɗan uwa. Ba zan tsaya kan ce miki kada ki karɓa ba, don faɗin haka da cikakken ciki ba wuya. Abin da nake nema shi ne, ranar da abin ya kai ki har kika fara tunanin karɓa, ni za ki fara gaya wa. Babanki ba zai tambaye ki ba, ke ce 'yar farinsa, kunyar da na yi masa ita yake yi miki. Na ga yadda ya sayar da babur ɗin bai ko dube ki ba, ya ajiye wa kakarki kuɗin ya fita. Amma ni da ke ba kunya tsakaninmu, wasa ne. Tun kina rarrafe kike jan gemuna kina ce mini tsoho mai rowa. To ki ci gaba da faɗa. Duk Alhamis in na taso daga kasuwa zan biya tasha in ari wayar babanki in kira ki. Ba zan karɓi "lafiya lau" ba. Zan tambaye ki me kika ci jiya da safe, me kika ci da rana, me ya rage a buhu, kuma na san muryarki in kina ƙarya.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda na fi jin nauyin rubutawa.

A shekara ɗaya da rabin nan na kira babanki gida sau biyar. Sallah biyu, girbi, bikin ƙanwata, sai rasuwar wana. Kowane karo saƙo nake aikawa da direba, "A ce wa yaron nan ya zo." Ban taɓa haɗawa da kuɗin mota ba, ban taɓa tunanin daga ina yake fitar da shi ba. Daga abincinsa yake cirewa. Zuwan ƙarshe, na rasuwar, ya ranci na zuwa, ba shi da na komawa. Aka yi addu'ar uku, aka yi ta bakwai, baƙi suka watse, shi yana nan. Kullum da safe in gan shi zaune a gindin rumbu, ya rame, jakarsa a ɗaure kusa da shi. Jira yake in lura. Ni kuwa na ɗauka zaman gida ya yi masa daɗi. Rana ta goma na fito na tsaya, na juya masa baya, na ce da ƙarfi yadda zai ji, "In karatun ya ishe shi, ga sanda nan, shanu na jira."

Ya tashi ya ɗauki sandar. Kuɗin motar da ya hana shi komawa bai kai kuɗin akuya ɗaya ba.

Saboda haka ki saurara da kyau. Kuɗin zuwa gida da komawa yanzu ya kai abincinki na makonni, ga hanyar kuma kin san yadda take, ba wanda ke bin ta ba da addu'a a baki ba. Kada ki zo sallah in ba hutu aka ba ku mai tsawo ba. Kada ki zo biki, ko na wa ne. Kuma ni na tsufa, ƙafafuna sun fara kumbura tun bazara. In aka kira ki tsakiyar zango aka ce miki Allah Ya yi mini cikawa, kada ki zo. Za a yi mini wanka, a sallace ni, a kai ni kafin ki ko iso Katsina. Ba abin da za ki tarar sai tabarmi da mata masu kuka, sannan ki zauna kina jiran wanda zai lura ba ki da na komawa. Ki yi alwala inda kike, ki yi mini addu'a, ki yi kukanki, gari ya waye ki tafi aji. Na faɗi wannan a gaban liman da kakarki, na ce su zama shaida, duk wanda ya ce ba ki da tarbiyya don ba ki zo ba a gaya masa ni na hana. Kakarki ta yi fushi ta ce in daina kiran mutuwa. Na ce ba kiranta nake ba, so nake in ta zo ta ɗauke ni ni kaɗai, ta bar miki karatunki.

Allah Ya tsare ki daga yunwa da abin da yunwa ke jawowa. Ya tsare ki daga mugun aboki da mugun ciwo, Ya kiyaye hanyar da za ki bi duk ranar da za ki bi ta. Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa albarka a ɗan abin da za mu turo. Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Ya yafe mini abin da na yi wa babanki. Kakarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shanya garin kunun kada ya yi tsami.

Wassalamu alaikum.

Kakanki,
Malam Iro